Dutsen da Na Bari a Hagu

Duk cikin direbobin kamfaninmu a Riyad ni kaɗai na yi aikin hajji sau huɗu, kuma ni kaɗai na taɓa ɗaukar mutane zuwa ziyarar gidajen gumaka. Na farkon kowa ya sani, don ban bar kowa ya manta ba. Na biyun kuwa sai yau da gemu ya yi fari nake faɗarsa da bakina.

Lokacin nan ne da kuɗin mai ya haukata garin. Ka kwana ka tashi ka tarar an rushe gidan ƙasar da ka saba kwatance da shi, an kafa bene. Kamfaninmu na shimfiɗa hanya ne, ni kuma aikina tuƙa jif ɗin safiyo, wato mai awon hanya. Ba'indiye ne siriri mai tabarau, mabiyin addinin Hindu. Yana kirana Haji, ina kiransa Safiyo, muna fahimtar juna da Larabcin kasuwa da Turancin da bai kai ko na kasuwar ba. Ba ya cin nama, abin da ya sa na yi wata shida cur ina yi masa kallon marar lafiya.

Wata rana muka yi nisa kudu da gari, can bayan inda ake share filin masana'antu, bel ɗin fanka ya tsinke. Kwana biyu muka yi a cikin yashi, ruwa ya kusa ƙarewa, Safiyo ya fara magana shi kaɗai da yarensu. Daga ƙarshe na murɗa igiyar tanti da tazugen wandona na yi bel, muka lallaɓo a hankali. Na sauka gaban shugaban kamfani ina riƙe da wando da hannu ɗaya. Iyakar jarumtar ke nan, wallahi. Amma da Safiyo ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa, ban san me ya zuba a ciki ba, sai amsa ta dawo cewa tsohuwa ta yi bakance. Tun da ɗanta ya fito daga yashi da rai, za ta kai shi haikali biyar, wato gidajen bautarsu, ta rufe da zaga wani dutse mai tsarki a wurinsu. Ta kuma ce hannun da ya fito da shi, shi zai tuƙa su. Ga ta da ciwon gwiwa da na ƙirji, kuma ta rantse ba za ta mutu da bakancen nan a wuyanta ba.

Safiyo ya ce tikiti da ci da sha duk a kansa. Kafin ya rufe baki na ce na yarda. Kada wani ya ce tausayin tsohuwa ne, ban san ta ba tukuna. Tun ina tuƙa gingimari a Funtuwa ba na bari fim ɗin Indiya ya wuce ni, ga shi Riyad ko gidan silima ɗaya babu. A raina Indiya lambu ce mai furanni, kowace bishiya da budurwa a bayanta tana waƙa.

A gidan da muke haya a unguwar Murabba akwai wani ɗalibin ilmi, mutumin Damagaram, wanda muke kira Malam duk da na girme shi da shekara goma. Na kai masa maganar ina soshe-soshen ƙeya. Ya ajiye littafi ya dube ni.

"Alhaji, a matsayin direba za ka, ko a matsayin mai ziyara?"

Na ce, "Haba Malam! Direba mana."

"To ka tsaya a kan sitiyarinka. Kada ka shiga, kada ka rusuna, kada ka ci abin da aka miƙa wa gunki. In da hali ma, Alhaji, kada ka je."

Ukun farko na riƙe su gam. Na huɗun iskar fanka ta tafi da shi.

Kafil ɗinmu, Balaraben da fasfunanmu ke kwana a akwatinsa, ya ba mu bizar fita da dawowa ta wata guda, ya ce ko kwana ɗaya muka ƙara, iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, ta mutu. Na je kasuwar Aziziya na sayo kwalin dabino na tsaraba. Muka hau jirgi zuwa Bombai, daga nan jirgin ƙasa ya yi ta jan mu kudu har na daina tambayar ko mun kusa. Lambu dai ban gani ba. 'Yan matan da na gani duk tulu ne a kansu ko itace, ba wadda ta yi mini ko baiti ɗaya. Indiyancin da na tara a silima na zazzage shi kaf a tashar farko ta kudu, mutane suka tsaya suna kallona. Safiyo ya ce a nan wani yare ne daban, in adana nawa.

Tsohuwar 'yar ƙarama ce, kanta fari fat, ta naɗe jikinta da farin ƙyalle irin na matan da mazansu suka rasu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata Iya, sunan kuma ya bi ta. Ko fuskata ba ta kalla sosai ba. Hannuna na dama ta kama, ta juya shi ciki da baya, ta faɗi wata magana. Na tambayi Safiyo me ta ce. Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Wai ta zaci ya fi haka girma."

Motar ta kawunsa ce, tsohuwa mai zagayayyen baya, ba ta tashi sai an lallashe ta. A can hannun hagu ake bi, ni kuwa a hagun na koyi tuƙi kafin a mai da mu dama a gida, don haka kwana ɗaya na ware. Abin da ban ware da shi ba shanu ne. Saniya ta kwanta a tsakiyar titi tana tuƙa, motoci na kewaye ta da ladabi. Na fito da kai zan daka mata tsawa, Safiyo ya riƙe mini riga. Ina kallon naman da zai ciyar da unguwa guda yana hana ni hanya, ni kuma kwana huɗu rabona da ko ƙashi.

Haikalin farko a bakin teku yake. Suka shiga, na tsaya a mota kamar yadda Malam ya ce. Suka fito jiƙe sharkaf, wai a ciki akwai rijiyoyi, kowacce sai an kwara maka guga. Tsohuwa mai ciwon ƙirji tana rawar sanyi tana murmushi. Na ce wa Safiyo, "Kai, za ka kashe matar nan!" Ya ce in gwada hana ta in gani.

Na biyu yana da wata doguwar ƙofa, tun daga ƙasa har sama gumaka ne masu launi, wani hannu huɗu, wani kan giwa. Na yi a'uziyya na juya baya, na sake juyowa, don gaskiya ban taɓa ganin gini irinsa ba. A bakin ƙofar akwai giwa ta gaske, in ka ba ta kwabo sai ta ɗora maka hanci a ka. Ta miƙo hancin wajena ba tare da na ba ta komai ba. Na yi tsalle ɗaya na faɗa mota na kulle. Iya ta yi dariya har da tari.

Matsalata ita ce tsarabar haikali. Duk inda suka fito, Iya na riƙe da wani abu a ganye, ko alewa ko shinkafa mai zaƙi, wanda aka miƙa wa abin bautarsu aka dawo musu da shi. Nawa rabon take fara ba ni, da hannu biyu. Ƙin karɓa rashin kunya ne, ci kuma Malam ya hana. Sai in karɓa in yi godiya, in ta juya in tura a akwatin gaban mota. Dabara ta yi kyau har kwana uku. Ranar ta huɗu muna cikin tafiya na ji abu na bina a ƙafa, kafin ka ce kwabo tururuwa ta cika motar, har cikin wandon Safiyo. Muka tsaya, ya buɗe akwatin, ga kayan albarka nan sun yi tsami. Na so ƙasa ta tsage in shige. Iya ta leƙa, ta dube ni. Daga ranar duk haikalin da muka je sai ta tsaya wurin masu talla a waje, ta sayi ayaba, ta nuna mini mai tallar da yatsa don in shaida daga ina ta fito, sannan ta miƙo mini. Tun daga nan matar ta shiga raina.

A na uku kwakwa suka yi ta fasawa. A na huɗu, wanda ke kan tudu, Safiyo ya shiga da sumarsa mai sheƙin mai, ya fito kai ƙwal, an shafe shi da wani abu rawaya. Ga mutane nan ɗaruruwa, maza da mata, kowa kai ƙwal, kowa a gajiye, kowa na neman takalminsa da 'yan uwansa. Na ce a raina, wannan ai kamar Mina ranar aski. Nan take na yi istigfari sau uku, na kuma ƙara ɗaya saboda har yanzu kamar ɗin ba ta tafi ba.

Sallata kuwa ba ta taɓa kuɓuce mini ba, kuma ba don ƙoƙarina kaɗai ba. Iya ta gane lokutan. Rana na karkata sai ta taɓa kafaɗata daga baya, ta nuna gefen hanya. In na shimfiɗa darduma yara suka taru kallo, ita ke korar su da sandarta.

Haikali na biyar yana gindin dutsen nan da za a rufe da shi. Mun iso saura mana kwana ɗaya tak, washegari dole mu kama jirgin ƙasa, in ba haka ba biza ta ƙone. Dutsen jan dutse ne babba, shi kaɗai a fili, hanya ta zagaye shi kamar mil takwas ko tara. A ƙafa ake zagawa, ba takalmi. Saboda gwiwar Iya, wani malaminsu ya ce ta yi a mota ya wadatar. Safiyo kuwa ya kwana da zazzaɓi. Da sassafe suka fito daga haikalin, ya faɗa kujerar gaba ya ce, "Haji, zaga dutsen. Hanya ɗaya ce, za ta dawo da kai nan." Ya jingina kai, barci ya ɗauke shi. Iya a baya ta rufe ido, ta kama jan carbinta.

Na iso mararraba, hanya ta yi dama ta yi hagu. Ban tsaya tunani ba ko na ƙiftawar ido. Mutumin da ya yi hajji huɗu, da umarar da bai san adadinta ba, in aka ce masa zaga, jikinsa ya san yadda ake zagawa: abin da ake zagawa a kafaɗar hagu yake. Na bar dutsen a hagu na taka mai. Sabo turken wawa.

Da akwai alamu, ba zan yi ƙarya ba. Duk masu tafiya a ƙafa fuskantata suke yi, ba wanda na bi bayansa. Wasu na ɗaga hannu, wasu na dafe baki, wani tsoho har ya biyo mu da gudu yana kaɗa tawul. Na ce Allah sarki, ba su taɓa ganin baƙin mutum a kan sitiyari ba. Na riƙa ɗaga musu hannu ina murmushi, har da ɗan ham. Cikin rabin awa na dawo ƙofar haikali, na ja birki, na tashi Safiyo na ce, "An gama. Allah ya ba da lada." Ban san ma ladan wa nake nufi ba.

Ya gyara tabarau, ya dubi dutsen, ya dubi inda hancin motar ke kallo. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Haji, ta ina ka bi?"

Na nuna masa.

"Dutsen yana wane hannu?"

"Hagu mana. Da wane hannu ake zagaye?"

Shekara uku muna tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ranar. Ya buga gaban motar da tafi, ya yi ta faɗa da yarensu, da Turanci, da Larabci. Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce kada ya yi mini ihu, ni ba bawan ubansa ba ne, ya ce zaga na zaga, ai bai ce dama ko hagu ba, barci ya yi. Sai ya sassauta murya, abin da ya fi ihun ciwo. Ya ce su abin girmamawa a dama suke barinsa. Zagayen hagu na gawa ne. Ɗa ne ke yi wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa ranar da za a ƙone su.

Ni dai ban yarda dutse na kashe mutum ba, ajali na Allah ne, ko a lokacin haka na yi imani, yau ma haka. Amma imanina ba shi ne a kan faifai ba. Matar nan ta yi kwana goma sha biyu tana jan gwiwa daga haikali zuwa haikali don ɗanta ya rayu, ni kuma na ɗauko ɗan a kujerar gaba na yi masa zagayen matattu, ina ɗaga wa jama'a hannu.

Safiyo ya juya zai yi mata bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta yi magana a hankali, shi kuma yana fassara mini. Ta ce tun a rabin hanya ta gane, don rana ta bugi kuncin da bai kamata ba. Ta ce ba a yanke zagaye a tsakiya, shi ya sa ta yi shiru. Ta ce mu uku ne a motar: Haji ba nasu ba ne, abin ba ya hawa kansa, ɗanta barci yake yi, bai san an yi ba, ita kaɗai ce ido biyu tana addu'a, don haka zagayen nata ne, ta karɓa, kada wanda ya ƙara ta da maganar. Sannan ta buɗe ƙofa, ta zare takalmanta ta ajiye a kan kujera, ta ce saura na ɗanta, shi kuma a ƙafa za ta yi.

Muka yi magiya. Na ce a sake a mota, rabin awa ne, wallahi wannan karon ko da tsiya dutsen a dama zai zauna. Safiyo ya kama ƙafafunta yana kuka. Ta zare ƙafarta ta kama hanya.

Haka muka yi. Ita a gaba da sanda, Safiyo da zazzaɓinsa yana riƙe da gwiwar hannunta, ni a baya a giya ɗaya, mota na tafasa ina tsayawa ina ba ta ruwa. Kwalta ta yi zafin da ni mai takalmi nake ji. Ta yi taku ashirin ta huta, ta yi talatin ta zauna a gindin bishiya. Sau biyu na fito na buɗe mata ƙofa, sau biyu ta yi kamar ba ta gan ni ba. Na tuna Malam: ya ce kada in shiga, kada in rusuna, kada in ci. Zagaye bai zo a lissafinsa ba, ga ni kuma ina na biyu a rana ɗaya. Na gaya wa kaina ni ba dutse nake zagawa ba, tsohuwa nake bi, kuma har gobe a kan haka nake. Da azahar ta yi, ita da kanta ta tsaya, ta juyo ta nuna mini gefen hanya. Na yi salla hawaye na zuba a kan darduma, tana zaune a kan kututture tana jirana, tafin ƙafarta duk ya yi ƙuna.

Sai bayan la'asar muka iso ƙofar haikali. Muka ɗauke ta muka sa a mota, ba ta fi nauyin buhun gero rabi ba. Tana ta murmushi. Ta ce da Safiyo yanzu ya koma cikin yashinsa, ba abin da zai same shi.

Mun dawo Riyad saura kwana ɗaya biza ta cika. 'Yan gidanmu suka taru suna tambayar 'yan fim, na ce suna gaishe su. Malam ya tambaye ni ko na kiyaye, na ce na kiyaye duka ukun, wanda gaskiya ne.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, muna shirin fita awo da safe, aka miƙo wa Safiyo waya daga ofis, irin ta takarda. Iya ta rasu. Ya tafi wurin kafil, na raka shi. Balaraben ya yi masa ta'aziyya da kyau, har da shayi, sannan ya ce hutunsa na bana ya riga ya ci shi, aiki kuma ba ya jira, in Allah ya so baɗi. Ko da ya ba shi fasfon ma, su ba sa ajiye gawa, kafin ya isa an gama. Ɗa ɗaya gare ta. Wani ɗan kawunsa ne ya sa mata wuta.

Muka fito muka shiga jif. Ban ta da mota ba, don ban san inda za mu ba. Ni abin da ke cina daban, na kasa haɗa ido da shi. Daga ƙarshe na ce, "Safiyo, ka yafe mini. Ni na jawo."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce, "Haji, kai da kake ce mini ajali na Allah ne?"



Ya ci gaba, "Abu ɗaya ɗa ke bin uwarsa da shi a ƙarshe, ya yi mata zagayen hagu. Ba za su bar ni in je ba. Amma an yi shi, ina wurin, tana wurin, ta kuma ce ta karɓa. Ba don kuskurenka ba, da ban samu ko wannan ba." Ya mai da tabarau. "Sai dai barci nake yi, Haji. Da ka tashe ni."

Na ce, "Da na tashe ka, da ka hana."

Ya dubi gilashin gaba. Sannan ya ce, "Haka ne. Yalla, mu je, ma'aikata na jira."

Na ta da mota muka nufi kudu.